Gayaunar Yakuwa

Asabar, 8 ga Yuli, 2023

Ruwa daren jiya, mai nauyi, ƙasa ta jiƙu sosai. Da hantsi muka shuka, ni da Auta da yaran Yaya. Gurguzu uku-uku ko hurhuɗu a rami, taku guda tsakani. Gayaunar duka yakuwa. Ba gero, ba wake.

Inna ta biyo mu da sandarta, ta zauna gindin aduwa, ba ta tanka ba sai da muka kusa kai ƙarshe. "Malama, yakuwa fa 'yar bakin iyaka ce. Tun tasowata ban ga an ba ta gona sukutum ba." Na ce, "Inna, ki dai sa mana albarka." Ta ce Allah ya sa a ci da rai da lafiya.

Irin na Gwaggon Magarya ne, ja mai duhu, wanda masu saye ke so. Layi biyu na gabas fara ce, ta miya.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ta tsiro. Ganye bibbiyu, ƙaramin kara har ya fara ja. Gurabe kaɗan ta yamma, ko kurciya ko ɓera. Na mayar da iri bayan an tashi daga makaranta.

Alhamis, 20 ga Yuli

Fetur ya haura naira 600. Mai babur zuwa Gumel ya ƙara kuɗi, takin zamani kuma ba a magana. Takin awaki na turke shi zan kai a amalanke. Malamin gona ya ce in kwantar da hankalina, yakuwa ba ta da haɗama, jigawa ma ta ishe ta, in taki ya yi mata yawa ganye za ta yi ta zubawa.

Asabar, 22 ga Yuli

Ragin tsiro, biyu a kowane rami. Abin da aka cire ya cika kwando. Miyar yakuwa da gyaɗa da dare, tsaminta daidai. Malam ya yi ƙari.

Alhamis, 27 ga Yuli

Rediyo tun asuba. Sojoji sun tsare Shugaba Bazoum a Yamai tun jiya, da dare suka ce sun karɓi mulki. Wayar Gwaggo, can Nijar ɗin, ba ta shiga.

Firi ya rage rabi.

Juma'a, 4 ga Agusta

An rufe iyaka. Waɗanda suka je Maigatari jiya sun ce kasuwar ba kamar yadda aka saba ba, motoci a jere a tsaye. Can fa zan kai zoɓon nan. Malam ya ce kafin kaka an buɗe. Wa ya sani.

Gwaggo ta kira, suna lafiya. Tambayarta ta farko, irin ya fito?

Talata, 8 ga Agusta

Ƙwaro. Ƙanana, masu tsalle in an matso, irin na kuɓewa. Ganyen layin tsakiya duk huji, kamar rariya. Inna ta ce toka, da sassafe kafin raɓa ta bushe, don ta kama ganyen. Na tara ta murhunmu da ta maƙwabta. Na kuma daka 'ya'yan darbejiya na jiƙa, gobe da yamma in tace in yayyafa.

Raina a ɓace yau, ban san dalili ba. Ko na sani.

Lahadi, 13 ga Agusta

Sabon ganye lafiya ƙalau. Tsohon dai ya riga ya huje.

Ganyen ya sake kama. Na farko-farko dunƙulalle ne, na yanzu ya rabu yatsu uku, wani biyar. Auta ta ɗauka wata shuka ce daban ta shigo cikin layi, har ta kai hannu za ta tuge.

Asabar, 19 ga Agusta

Marka. Sama a rufe, ruwa tsit-tsit ba ya ɗaukewa. Kusurwar kudu, inda ƙasa ta ɗan kwanta, ruwa ya zauna. Yakuwar wurin ta yi rawaya, ta langaɓe. Na tuge ɗaya, saiwa baƙa, ruɓewa. Ba ta son tsayuwar ruwa a gindinta ko kaɗan. Muka haƙa 'yar hanya da fartanya ya zurare cikin kwari. Wajen ya tafi, ina jin ba zai dawo ba.

Laraba, 23 ga Agusta

Maimai. Ƙarangiya da harƙiya. Bayana.

Litinin, 28 ga Agusta

Asibiti da Auta. Ba gona.

Asabar, 2 ga Satumba

Da sauƙi, alhamdu lillahi.

Gonar ta ba ni mamaki. Ta kai ƙuguna, ta yi rassa tun daga ƙasa, kara ja wur, ta rufe kunya har ciyawa ta rasa rana. Na tsaya a tsakiya, iska na kaɗa ta, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Fure ko ɗaya babu. Kuɓewar bayan gida da aka shuka bayanta har an fara yanka.

Lahadi, 10 ga Satumba

Girbin gero ko'ina. Amalanke na wucewa da dammuna, mata na tumu, gari ya ɗauki ƙamshin sabon gero. Ni kuwa gona kore shar, ba abin ɗauka sai ganye. Wata a bakin rijiya: "Malama, ganyen za ki kai Maigatari?" Aka yi dariya. Na ja gugana.

Malam bai ce komai ba. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Talata, 12 ga Satumba

Na tare malamin gona a hanyar Gumel. Na ce, "Malam, lafiya kuwa? Tsayi kawai take yi." Ya ce lafiya lau. Yakuwa ba ta fure don ta girma ko don ta ƙoshi, tsawon yini take bi. Muddin rana na daɗewa a sama, ganye da reshe za ta yi ta yi. Sai yini ya ragu ya dawo wajen awa 12, dare ya fara rinjaye, sannan ta juya. Shi ya sa wanda ya shuka farkon damina da wanda ya makara kusan tare suke ganin fure, sai dai na farko ta fi rassa, rassan kuma su ne zoɓon.

To ba taki, ba ban ruwa, ba dabarar da za ta matso da ranar. Na san wannan lissafin, ina koya wa 'yan aji shida cewa wajen 23 ga Satumba dare da yini ke daidaita. Ban taɓa jiran sa da cikina ba sai bana.

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Ai sai gero ya shiga rumbu take buɗe ido. Haka muka taras."

Asabar, 16 ga Satumba

Babu.

Laraba, 20 ga Satumba

An koma makaranta. Gona sai bayan la'asar. Ta kai kafaɗata. Na bi reshe-reshe ina duba hammatar ganye. Wani ɗan abu mai tsini, ƙwayar dawa ta fi shi girma. Ko sabon ganye ne? Na ɗaura zare a reshen.

Asabar, 23 ga Satumba

Ba ganye ba ne. Ja ne, mai tsini, kuma ba ɗaya ba, kowace hammata da nata, daga gindin reshe zuwa sama. Na kira Auta ta gani. Na kira Gwaggo, layi ya katse sau da yawa, ta dai ji.

Laraba, 27 ga Satumba

Hutun Mauludi. Hadari ya taso ta gabas da la'asar, iska ta watsa shi. Ana bukatar ruwa ɗaya ko biyu kafin damina ta yi sallama. Ƙasa ta fara fari a sama, na tona da yatsa, akwai sauran laima.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Fure!

Na fita bayan asuba, rana ba ta gama fitowa ba. A reshen zaren, can ƙasa. Kunne biyar, rawaya mai haske da ta kusa fari, can cikin maƙogwaro ja mai duhu, sandar tsakiya da garin rawaya a jikinta. Na durƙusa. Na ƙirga wasu a layin, na bari, sun fi ƙarfin ƙirga a tsugune.

Na koma gida da gudu-gudu na tsinko furen kuɓewa, na tsinko na ramar bakin danga, na jera su a tafin hannu da na yakuwa. Gida ɗaya, ba mai musu. Rawayar nan, jan idon nan, sandar nan. Na kuɓewa ya fi girma, na yakuwa ya fi kunya. Auduga ma danginsu ce, da lalo, kai har kuka masana tsirrai sun sa ta cikin gidan. Rabin miyar Bahaushe daga zuriya ɗaya. Jibi zan kai wa 'yan aji su gani da idonsu, ya fi zanen allo.

Da azahar na koma. Ya fara rufewa, rawayar ta juya ta yi ja-ja. Kafin magariba ya naɗe. Yini ɗaya ke nan rabonsa.

Talata, 3 ga Oktoba

Na jiya a ƙasa. Sabbi a samansu. Furen da na kai aji ya yanƙwane kafin a fito tara, amma sun gani.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Ruwa da dare, ba yawa, ya dai kwantar da ƙura. Wataƙila na ƙarshe.

Kullum furen na hawa sama taki ɗaya a reshe. Zuma da safe, gonar har ƙugi take. Inda fure ya faɗi, jan kwanson da ya riƙe shi ya rufe baki, ya fara kauri. Shi ne abin da nake jira tun Yuli, ba furen ba. Amma furen nake zuwa gani.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Wani dillali har gida, da yamma, daga kasuwa. Ya zaga gonar shi da Malam tukuna. Daga zaure:

"Malama, ido ba mudu ba, ya san kima. In ba ki kuɗi yanzu, ki huta da ɓara da shanya."

"Alhaji, ai ba ta nuna ba."

"Shi ya sa. Iyaka a rufe, ba wanda ya san yadda kasuwa za ta buɗe. In ta faɗi, ni ta faɗa wa."

Abin da ya ambata zai biya rajistar babbar 'yata a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da ɗan canji. Na ce zan yi shawara. Malam na ganin a karɓa. Inna daga ɗaki: "Wanda ya biyo ka har gida da kuɗi ya ga abin da ba ka gani ba."

Barci sai can.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na aika masa, a'a, na gode. Hannuna na rawa bayan yaron ya tafi.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ni da Malam sai gaisuwa.

Jan ƙwaro a kan kwanson, mai ɗigon baƙi, bibbiyu manne da juna ta baya. Na auduga ne, in ji Yaya, iri yake tsotsa. Na bi da kwano da ruwan sabulu ina kakkaɓe su ciki. Magani ba zan fesa ba, abin da za a jiƙa a sha ne.

Talata, 24 ga Oktoba

Iska ta juya. Leɓe ya fara bushewa, raɓa ta ragu. Ganyen ƙasa na zuba, kara na bayyana, jajayen ƙwallaye jere a jikinsa tun daga gindi. Na matsa ɗaya, ya yi tauri, ya cika, ruwa a jikinsa. Na ɓare na tauna. Tsami har kunne.

Lahadi, 29 ga Oktoba

An fara sakin awaki. Wake ya tashi, gyaɗa ta tashi, saura dawa nan da can, sai ni. Duk wata dabba a garin nan gonata take kallo. Ƙayar aduwa da ta magarya muka ja muka toshe gefen hanya. Yaran Yaya da safe, ni da yamma. Shanu ma sun fara gangarowa cin kara. Na yi magana da dattijon rugar, cikin mutunci, ya ce zai ja wa yara kunne.

Abin da Inna ke nufi da 'yar bakin iyaka, wataƙila har da wannan. Mai zama a gona bayan kowa ya tashi.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Sun shiga ta arewa. Layi ɗaya da rabi. Ban ga na waye ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Yanka. Rassan ƙasa tukuna, waɗanda suka riga, na sama a bar su su ƙara. Lauje, amalanke, tsakar gida ta yi ja. In an bari ƙwallon cikin ya bushe ya tsage, gurguzu ya zube, kwanson kuma ya yi gautsi, ya rage kyau.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Ɓara.

Ba wanda ya faɗa mini gaskiyar wannan aikin, ko an faɗa ban ji ba. A bakin iyaka kwando ɗaya ne, a gama kafin la'asar. Wannan tsibi ne. Kowane ɗaya sai an kama shi, a tsaga da farce, a zare ƙwallon irin daga ciki, a jefa nan, a jefa can. Ƙwallon da ƙananan gashi a jikinsa, ba a ganinsu sosai, sai sun shige fata. Ƙaiƙayi tsakanin yatsu, wuyan hannu, har wuya in an manta an sosa. Tsamin kuma na cin gefen farce. Hannu ja har ya koma baƙi-baƙi.

Mata shida daga unguwa, biya a kan kwano. Inna ta fi kowa sauri, ba ta ko kallon hannunta. Hira, rediyo, labarin Nijar, wa zai aurar bayan kaka. Man kaɗanya da dare.

Masu shan zoɓo da ƙanƙara a Kano, ko can Meziko da aka ce nan ya fi tafiya, ba su san da hannuwan nan ba. Ba laifinsu. Amma na ƙara wa matan wani abu a kan kowane kwano, ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Alli ya gagare ni riƙewa yau. Wata yarinya ta ce, "Malama, lalle kika sa?"

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Shanya a kan tabarmi da leda, ba a ƙasa ba. Yashi, tsakuwa, gurguzu, kara, duk suna karya farashi. Dillalai na cewa daga Maigatari Kano ake kai shi, mata su sake tsince shi a manyan ɗakunan ajiya, sannan Legas, sannan jirgin ruwa. Meziko ta taɓa dakatar da na Nijeriya shekaru saboda ƙwaron rumbu da aka gani a kaya. To buhu sabo zan saya, ba wanda hatsi ya kwana ciki ba.

Baza zoɓon sirara, juyi da rana, kwashewa kafin magariba. Kaji.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na kusa kuka. Shanyar farko ta bushe, abin da ya cika tabarma uku ya koma ɗan tsibi a kusurwa, ba nauyi. Malamin gona ya faɗa, wajen kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1. Ji daban, gani daban. Na fara lissafin kuɗin Alhaji a raina. Na bari.

Launin dai ya yi. Ja har ya kusa baƙi, yana ƙaras-ƙaras in an damƙa.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na dafa na farko. Tafi biyu a tukunya, citta, kanumfari, ɓawon abarba da Auta ta roƙo wajen mai kayan marmari. Kafin ya tafasa ruwan ya rine. Na Malam ba sukari, saboda hawan jininsa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce yana ɗan taimakawa, amma kada ya kuskura ya ajiye ƙwayoyinsa. Ya shanye, ya miƙo kofi. "Na gonarki ne?" Na ce na gonarmu. Ya yi murmushi.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Yanka na biyu. Na sama ƙanana ne, ba su kai na ƙasa ba. Farar ma ta tashi, ita ba ta sayarwa ba ce, a shanya a ajiye don miyar rani, in ganye ya yi wuya.

Hazo. Ba a ganin aduwar daga hanya.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Yaya ya je Maigatari, na ce ya jiyo mini farashi. Ya dawo da magana biyu. Wasu na cewa zai hau, dala ta tashi, masu fitarwa na nema ido rufe. Wasu na cewa kowa ya shuka bana, in kaya ya cika kasuwa zai sauko. Na tsallaken iyaka kuma yana shigowa ta daji a kan jakuna da amalanke, ba kamar da ba dai.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Ƙwallayen sun bushe sun tsattsage. Bugu da sanda, sheƙa. Gurguzu ya fi yadda na zata. Na ware na iri daga manyan rassan ƙasa, cikin gora da toka, a toshe. Kwano ɗaya na Gwaggo, in an sami mai zuwa.

Sauran Inna ta karɓe. Daddawar batso. Ta ce rabonta da yi tun kafin a haifi Auta, yanzu kowa sai dunƙulen kanti. Ta tace ruwan toka da kanta, ta hana ni taɓawa.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Tukunyar ta kwana a wuta, sai da gurguzun ya yi laushi yana murjewa da yatsa. Ta tsane shi, ta rufe a ɗaki. Yau warin ya fito har zaure. Auta ta toshe hanci, Inna ta ce, "Ke tafi can, uwar miya ke nan." Gobe daka, a sake rufewa, sannan shanya. Na zauna kusa ina rubuta yadda take yi. Ba ta auna komai, sai ta shinshina ta ce saura.

Asabar, 2 ga Disamba

Karan ya rage a gona. Inna ta sa an ɗebo mata masu tsayi, ta ce ɓawon na igiya, bai kai na rama ba amma yana ɗaure danga. Sauran na murhu. Na buɗe ƙayar, awaki suka shiga.

Ɗinkin buhu da dare. Biyar da ɗan saura. A kan itace, nesa da bango.

Talata, 5 ga Disamba

Babbar ta kira, an kusa rufe rajista.

Alhaji ya aiko yaro, wai yana nan a kan maganarsa, har ya ɗan ƙara. In ya ƙara, to kasuwa ta fi haka. Ko kuwa tausayi ne. Ban amsa ba.

Laraba, 6 ga Disamba

Miyar kuka da daddawar Inna. Kowa ya yi shiru yana ci.

Gobe Alhamis. Na yi magana da mai mota, buhu biyu, ni da Yaya, bayan asuba. In farashin ya kai rajista, shi ke nan, ukun su jira bayan sabuwar shekara. In bai kai ba, sai in kira Malam ya biyo mu da na uku. Iyaka har yau a rufe. Na nemi izinin makaranta. In tuna: igiya, allurar buhu, tafi ɗaya a leda don nunawa kafin a kwance ɗinki.